Jirgi ya daina bi, keke ya gaji hanya: Yini guda tsakanin Jamus, Beljiyam da Luksambur

A gabashin Beljiyam, daf da iyakar Jamus, akwai wata siririyar hanyar kwalta mai abin mamaki. Idan mutum yana bisa keke a wani ɓangarenta, gonar da ke damansa ta Jamus ce, gidan da ke hagunsa ma na Jamus ne, amma ƙasar da tayarsa ke murzawa ta Beljiyam ce. Babu shinge, babu tuta, babu jami'in duwan ko ɗaya.

Sunan hanyar Vennbahn. Tsawonta kilomita 125, wato kusan nisan Maraɗi zuwa Tasawa. Ta tashi daga birnin Aachen na Jamus, ta ratsa gabashin Beljiyam, ta ƙare a garin Troisvierges da ke arewacin Luksambur. A da layin dogo ce, jiragen kwal da na tama ke bi dare da rana. Da jirgi ya daina bi sai aka cire ƙarafan, aka malala kwalta, aka bar ta ga masu keke da masu tafiya a ƙasa. An kammala wannan aikin a 2013.

Irin waɗannan hanyoyi suna da yawa a Turai da Amurka, kuma da dama daga cikin ƴan uwanmu da ke zaune can suna wucewa ta bakinsu kullum a hanyar zuwa aiki ba tare da sun san ko mene ne ba. Alhali kuwa da wuya a samu fita mai arha da sauƙi kamarsu: mutum na iya tashi da safe, ba shiri ba abokin tafiya, ya hau keke ya yini yana tafiya. Sai dai akwai abubuwa biyu ko uku da rashin saninsu ka iya mayar da yawon buɗe ido ya zama tashin hankali, musamman ga baƙo.

Dalilin da ya sa ba ta son dogon shiri

Ƙafar jirgin ƙasa ƙarfe ce, layin da take bi ma ƙarfe ne, ƙarfe bisa ƙarfe kuwa santsi gare shi. Don haka jirgin da ke jan taragai masu nauyi ba ya iya hawan tudu mai tsini. Wannan ne ya tilasta wa injiniyoyin da suka shimfiɗa layukan dogo su fasa duwatsu, su cike kwaruruka, su gina manyan gadoji, su huda tsaunuka, duk domin hawan ya zo a kwance. A mafi yawan Vennbahn, hawan bai wuce mita 2 a kowace mita 100 ba. Mai keke na yau shi ya ci gadon wannan wahalar: yana ratsa yankin tsaunuka amma ƙafarsa ba ta jin tsaunin yadda za ta ji shi a hanyar mota.

Abu na biyu, ba a ɓata. Layin dogo ba ya da lunguna, zare ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ga alluna a kowace mararraba. Na uku, mota ba ta shiga, sai dai a wuraren da hanyar ta tsallaka titi, inda ake buƙatar a rage gudu a duba dama da hagu. Sannan tunda jirgin da yana tsayawa a ƙauyuka, duk bayan ƴan kilomitoci akwai tsohuwar tasha, kusa da ita kuma akwai gari, inda ake samun ruwa ko burodi ko benci na hutawa.

A taƙaice, shirin da matafiyi ya kamata ya yi, wasu sun riga sun yi masa shi fiye da shekara 130 da suka wuce.

Daga kwal da tama zuwa rikicin iyaka

Gwamnatin Furusiya, wadda ita ce ƙashin bayan daular Jamus ta wancan zamani, ita ta gina layin. Ya isa Monschau a 1885, ya kai Sankt Vith a 1887, sannan ya haɗe da Troisvierges a 1889. Amfaninsa a fili yake: yankin Aachen yana da kwal da masana'antar narka ƙarfe a unguwar Rothe Erde, Luksambur da Lorraine kuma suna da tama. Jirgi ya sauka kudu da kwal, ya dawo arewa da tama. Ƙauyukan da ke kan tsaunin, waɗanda talauci da sanyi suka daɗe suna ci, suka samu hanyar zuwa aiki a birni.

Yaƙin duniya na farko ya sauya komai. Tun ranar 1 ga Agustan 1914 sojojin Jamus suka kama tashar Troisvierges saboda muhimmancin layin. Bayan da Jamus ta sha kashi, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta miƙa yankunan Eupen da Malmedy ga Beljiyam. Beljiyam ta ce layin dogon da ya haɗa waɗannan yankuna ma nata ne, ko da a inda ya ratsa ta cikin ƙasar Jamus, kuma kwamitin shata iyaka ya amince mata a 1920. Sakamakon haka, tsakanin Raeren da Kalterherberg filin layin da tashoshinsa suka zama ƙasar Beljiyam, wasu gutattakin ƙasar Jamus da ke yammacin layin kuma suka yanke daga uwar ƙasarsu. Biyar daga cikinsu suna nan har yau: Münsterbildchen, Roetgener Wald, Rückschlag, Mützenich da Ruitzhof. Mützenich ƙauye ne sukutum. Rückschlag kuwa gida ɗaya ne da filinsa.

Sabbin iyakoki suka zo da harajin duwan, ciniki ya karkata wasu hanyoyi, masana'antar Rothe Erde ta rufe a 1926. Yaƙin duniya na biyu ya ruguza gadoji da tashoshi. Daga nan layin ya riƙa mutuwa gaɓa-gaɓa, har jiragen ƴan yawon buɗe ido da suka riƙa bi a shekarun 1990 suka tsaya a 2001. Jirgin ya tafi amma iyakar ba ta motsa ba. A 2008, da aka fara raɗe-raɗin cewa cire ƙarafan zai mayar da filin ga Jamus, gwamnatocin biyu sun bayyana cewa babu abin da zai sauya.

Fitar awa biyu da ta zama ta yini

Na bi hanyar wata Asabar ta watan Yuni. Ba ni da aiki ranar, gari ya waye garau, abin da ba kullum ake samu ba a Liège, ɗaki kuma ya yi mini ƙunci. Na cika gorar ruwa, na jefa burodi da dabino cikin jaka, na tura keke zuwa tasha na shiga jirgin Aachen. Niyyata in taka awa biyu in juyo.

Hanyar na farawa ne a gefen tashar Rothe Erde. Kilomitocin farko cikin gari ne, tsakanin bayan gidaje da ƙananan lambuna, tare da masu gudun motsa jiki da iyaye masu tura jarirai. Bayan unguwar Brand sai gari ya fara ja da baya. Kusa da Kornelimünster hanyar na hawa kan tsoffin gadojin dutse masu baka-baka, mutum ya leƙa ƙasa ya ga kan bishiyoyi da rufin gidaje. Jiki bai san ana hawa ba, amma ana hawa: Aachen ba ta kai mita 200 bisa teku ba, alhali Lammersdorf da ke gaba ta haura mita 500. Abin da kawai mutum zai lura da shi shi ne idan ya daina taka feda, keken ba ya daɗewa yake tsayawa.

Bayan Walheim, cikin daji, aka shiga Beljiyam. Tsohuwar tashar Raeren, kimanin kilomita 20 daga mafari, tana nan da gidan sigina da taragai masu tsatsa, ciyawa ta fito tsakanin ƙarafa. A nan awa biyuna suka kusa cika, ƙafa kuma ba ta ce komai ba. Na ci gaba.

Daga Raeren ne ake shiga yankin da iyaka ta rikice. Layin ya yi babban lanƙwasa ya kewaye Roetgen domin ya samu hawa a hankali. Wannan gari na cikin na farko da sojojin Amurka suka shiga a ƙasar Jamus, ranar 12 ga Satumban 1944. Motocin da ke tsallaka hanyar lambar Jamus gare su, allunan shaguna da Jamusanci, amma dokar Beljiyam ce ke aiki bisa kwaltar da kake kai.

Kafin ka taka, duba takardunka

A nan ne maganar da ta fi kowace muhimmanci ga ƴan ci-rani take. Rashin shinge ba ya nufin rashin iyaka.

Wanda ke da fasfo mai aiki da katin zama na ɗaya daga cikin ƙasashen Schengen yana da damar shiga sauran ƙasashen na tsawon kwana 90 cikin kowane kwana 180. Sharaɗin shi ne takardun biyu su kasance a jikinsa, na ainihi. Hoton da ke cikin waya ba ya tsaya masa.

Wanda ke jiran hukunci kan neman mafaka, lamarinsa daban ne. Takardar da Jamus ke ba mai jira, wadda ake kira Aufenthaltsgestattung, ba ta ba shi izinin ƙetare iyaka. Haka ma katin nan mai ruwan lemo da Beljiyam ke bayarwa. Mai riƙe da Duldung kuwa, wato takardar dakatar da kora, dokar Jamus ta ce takardar na mutuwa ne da zarar ya fita daga ƙasar. Ga kuma cewa tun ranar 16 ga Satumban 2024 Jamus ta faɗaɗa binciken ƴan sanda zuwa duka iyakokinta na ƙasa, ciki har da na Beljiyam da Luksambur. Ban ga ɗan sanda ko ɗaya ba a yinin da na yi, amma ba a gina rayuwa bisa sa'ar wani. Faɗuwa ɗaya da ta sa aka kira motar asibiti ta isa a tambayi mutum sunansa da takardunsa.

Wannan ba ya hana kowa hawa. Mazaunin Jamus da takardarsa ba ta fita waje na iya bi daga Aachen zuwa Walheim ya juyo, duk cikin Jamus. Mazaunin Beljiyam na iya bin tsakanin Sourbrodt da Waimes da Sankt Vith, duk cikin Beljiyam. Mai shakka kuma ya tambayi lauyansa ko jami'in jin daɗin jama'a da ke riƙe da fayil ɗinsa tun kafin ya fita.

Kaɗaicin ɗaki da kaɗaicin hanya

A gida, saurayi ba ya rasa wurin zama. Fada na nan bakin titi, shayi na bisa gawayi, ko ba ka da ko dala za a matsa maka ka zauna. A Turai da yawa daga cikinmu rayuwa ta koma wuri uku: wurin aiki, ɗaki, da waya. Ranar hutu takan ƙare ne a kwance ana jan allon waya, ana amsa saƙonnin gida, ana lissafin abin da za a aika ƙarshen wata. Idan an ce a fita, sai an jira wane ya sauko daga aiki, wane kuma ya samu mota, har rana ta faɗi ba a je ko'ina ba.

Mu kuma ba mu saba da mutum ya fita shi kaɗai ba gaira ba dalili. Wanda aka gani yana yawo shi ɗaya a daji, tambayar farko ita ce ko lafiya. Amma zaman kaɗaici tsakanin bango huɗu da tafiyar kaɗaici a sarari ba ɗaya ba ne. Bayan awa uku ana taka feda, tunanin da ya hana mutum barci yakan ragu ya dawo daidai girmansa. Babu mai cewa a tsaya, babu mai cewa a yi sauri. Kuma hanyar ba kango ba ce. Tsofaffi mata da miji bisa kekuna masu batir sun yi ta wuce ni suna ɗaga hannu, wasu su gaisa da Jamusanci, wasu da Faransanci. A cikin jirgi ko bas ba kasafai baƙon fuska ke samun wannan gaisuwar ba.

Monschau: a juya ko a wuce?

Da azahar na iso saitin Monschau, kimanin kilomita 47 daga Aachen. Garin na can ƙasa cikin kwarin kogin Rur, da gidajensa na katako da farin bango da suka rage tun zamanin da masaƙa suka arzuta shi. Jirgi bai taɓa iya sauka can ba, shi ya sa tashar ke sama. Mai son ganin garin zai gangara da birki a hannu, ya kuma san cewa hawan dawowa ba irin na layin dogo ba ne.

A nan ne ya kamata kowane matafiyi ya yi lissafi. Tsakanin Aachen da Troisvierges babu tashar jirgin fasinja mai aiki a kan wannan hanya. Monschau ba ta da jirgi, Sankt Vith ma haka. Akwai bas, amma ba kowace ke ɗaukar keke ba. Wanda ya juya daga Monschau yana da kilomita 47 da mafi yawansu gangara ne. Wanda ya wuce yana da kusan 80 a gabansa. Na duba lokacin jirgin ƙarshe daga Troisvierges zuwa Liège, na duba cajin waya, na tuna cewa a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen ƙarfe 10 na dare. Lissafi ya fita, na wuce.

Bayan gadar Reichenstein sai Kalterherberg, yankin da mutane ke shuka shingen bishiya mai tsawon gida domin tare iskar hunturu. A tsohuwar tashar akwai taragon da aka mayar wurin sayar da shayi da wainar Beljiyam. Daga nan zuwa Sourbrodt, kimanin kilomita 7, an bar ƙarafan a gefen kwalta, iyalai na hawa wasu ƙananan kekuna masu ƙafa huɗu da ke gudu bisa layin.

Wannan shi ne gefen Hohes Venn, wanda masu Faransanci ke kira Hautes Fagnes, daga nan kuma hanyar ta samo sunanta. Fadama ce bisa tsauni, ƙasarta ruɓaɓɓun tsirrai ne da suka taru cikin dubban shekaru, tana riƙe ruwa kamar soso. Wurin da ya fi ko'ina tsawo a Beljiyam, Signal de Botrange mai mita 694, yana nan kusa. Iska a nan ta fi ta Aachen sanyi ko da rani, hazo kuma kan sauko ba sallama. Duk da ruwan, idan ciyawar ta bushe wuta na cinta: a watan Afrilun 2011 gobara ta ƙone kimanin hekta 1,000. Shi ya sa idan aka ɗaga jar tuta ba a shiga cikin fadamar, mai shan taba kuma ya riƙe ashanarsa.

Daga Sourbrodt, wadda ke wajen mita 560, hanya ta fara sauƙi. Sourbrodt da Waimes Faransanci suke yi, don haka ɗan Nijar zai ji kamar an buɗe masa kunne. Ƴan kilomitoci gaba kuma an koma Jamusanci, domin Beljiyam na da al'umma mai magana da Jamusanci, kusan mutum dubu 80, da majalisarsu da gwamnatinsu a Eupen. A Born ana wucewa kusa da wata doguwar gada da sojojin Jamus suka gina a 1916. Sankt Vith, wajen kilomita 90, kusan duk gine-ginenta sababbi ne, saboda ruwan bama-bamai ya shafe garin a watan Disamban 1944. Nan ne wuri na ƙarshe mai manyan shaguna, nan na sake cika gora.

Kashi na ƙarshe ya fi kowane kyau, ya kuma fi gajiyarwa. Ana ratsa ramin Lommersweiler, a bi kwarin kogin Our, a wuce ƙarƙashin kangon ganuwar Burg-Reuland. A wasu wurare an kauce wa tsohon layin, sai ga ɗan hawa. Mafi tsanani na daf da iyakar Luksambur. Can akwai ramin Huldange mai tsawon mita 790, wanda jirgi ke bi a da, amma bayan da aka daina amfani da shi jemagu suka mayar da shi gida, hukuma kuma ta rufe shi domin kare su. Mai keke sai ya hau ta saman tsaunin, kusa da Kneiff, wuri mafi tsawo a Luksambur. Bayan kilomita fiye da 110, na sauka na tura. Daga sama kuma gangara ce har tashar Troisvierges, inda na isa da sauran rana.

Tun watan Maris na 2020 shiga jirgi da bas kyauta ne a cikin Luksambur, in ban da aji na ɗaya. Amma mai komawa Liège zai ƙetare iyaka, don haka sai ya yanki tikiti, da na kekensa a ɓangaren Beljiyam.

Ɗan shirin da ba a tsallakewa

Fita ba shiri ba ta hana mutum ɗaukar abin da zai shiga aljihun jaka. Ruwa da abin taɓawa, domin ranar Lahadi shagunan Jamus a rufe suke. Famfo da kayan faci, domin a nan babu mai faci a gindin bishiya, wanda tayarsa ta sace a daji shi zai gyara ko ya tura. Fitilar gaba da ta baya, waɗanda doka ta wajabta da dare. Rigar ruwa mara nauyi. Waya mai caji, da sanin cewa lambar gaggawa 112 ce a duka ƙasashen uku. Hular kwano ba dole ba ce ga babba mai keken gargajiya, amma kai ɗaya ne. Kuma tunda mutum shi kaɗai ne, ya aika wa wani saƙo ya faɗi inda ya nufa.

A lura da lokacin shekara. Ranar da ke kaiwa ƙarfe 10 a Yuni, a Disamba kafin ƙarfe 5 ta faɗi, kan tsaunin kuma ƙanƙara na kwanciya. Sabon shiga bai kamata ya ɗora wa kansa kilomita 125 ba. Ashirin zuwa, ashirin dawowa sun isa a ranar farko, kuma dabara ita ce a fara da ɓangaren hawa domin dawowa ta zama gangara. Wanda zai sayi keke na hannu ya nemi rasit, saboda kekunan sata na yawo a kasuwa.

Ba Vennbahn kaɗai ba ce

A yankin Waloniya na Beljiyam, Vennbahn ɓangare ce ta tsarin RAVeL da aka kafa a 1995, mai fiye da kilomita 1,400 na tsoffin layukan dogo da gefen magudanan jiragen ruwa. A Faransa ana kiran irinsu voie verte, kamar wadda ta tashi daga kusa da Dieppe zuwa Forges-les-Eaux. Sifen ta fara nata shirin, Vías Verdes, a 1993. A Ingila, ƴan sa-kai ne suka gina hanyar Bristol zuwa Bath tsakanin 1979 da 1986.

Amurka ce ta fi kowa yawa, da fiye da kilomita dubu 40. Katy Trail ta jihar Missouri kaɗai ta kusa kilomita 390. Mazauna Bronx a New York na da Putnam Trail da ta ratsa dajin Van Cortlandt ta nufi arewa, ƴan Nijar da ke Greensboro kuma na da Atlantic and Yadkin Greenway a cikin garinsu.

Abin da ya ba da damar wannan yawa a Amurka doka ce. A 1983 majalisar dokokin ƙasar ta yi gyaran da ya ba da izinin a ajiye filin layin da jirgi ya daina bi, a yi hanyar keke a kansa, da sharaɗin ana iya mayar da jirgi idan buƙata ta taso. Kotun ƙoli ta tabbatar da dokar a 1990. A Waloniya ma kamfanin jiragen ƙasa bai sayar da filayen ba, haya ya ba gwamnatin yankin ta shekara 99.

Mu da muke jiran jirgin

Ɗan Nijar da ke taka keke bisa kabarin layin dogo ba zai rasa jin wani abu ba. Su sun yi jirgi har sun gaji da wasu layukan, mu kuma har yanzu jira muke. Tun 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa tsakanin Nijar da Dahomey, Benin ta yau, kan layin Kwatano zuwa Parakou, amma daga Parakou manyan motoci ne suka ci gaba da ɗauko kaya. Layin Yamai zuwa Doso mai kimanin kilomita 140, wanda kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa aka kuma ƙaddamar ranar 29 ga Janairun 2016, bai shiga jigilar yau da kullum ba. Ba a haɗa shi da Parakou ba, bayan taƙaddamar shari'a a Benin tsakanin Bolloré da kamfanin Petrolin na attajiri Samuel Dossou. A kudu kuma idanu na kan layin Kano zuwa Maraɗi mai kilomita 284, da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, wanda zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya.

Babu mai cewa a mayar da layin Doso hanyar keke. Ƙasar da ba ta da gaɓar teku jirgi take buƙata, mai ɗaukar albasa da wake da siminti. Abin ɗauka daga Vennbahn shi ne darajar filin kansa. Ƙarfe na tsatsa a sake sayo wani, amma zirin ƙasa mai tsawon kilomita ɗari da ya ratsa gari da gona ba tare da yankewa ba, idan aka bari aka gina shaguna da gidaje a kansa, sake haɗa shi sai an biya diyya gida-gida. Vennbahn ta ga yaƙin duniya biyu, ta sauya ƙasa, ta rasa jirginta, amma filinta bai tarwatse ba, shi ya sa aka samu abin da za a malala wa kwalta. Tambayar da ya dace ƴan majalisun gari daga Yamai zuwa Doso, da na Maraɗi tun kafin jirgi ya iso, su riƙa yi ita ce: wa ke riƙe da takardun filin layin, kuma wa ke tsaronsa?